Sunan Mai Rai

Lahadi, da hantsi

Kopel ɗan mai niƙa ya dawo daga yaƙin Sarkin Rasha da Japan ranar Alhamis. Ya tafi da kunnuwa biyu, ya dawo da ɗaya mai ji, amma bakinsa ya ninka. Tun da keken doki ya sauke shi, ƙauyen nan ba shi da aiki sai zuwa gidansu a sha shayi a share hanci. Ni ban je ba. Ina da gangunan katako na mutane da zan ɗaure kafin lokacin jiƙa kokwamba a cikinsu.

Tare aka ɗebe su da ɗana Zusman a kakar da ta wuce. Kopel ya dawo, Zusman bai dawo ba tukuna. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma iyakar abin da kowa ya sani ke nan, in da mutane suna da kunya.

Na san gidan su Kopel ciki da bai. Kakansa ne ya taɓa rantsuwa ya ga kerkeci a bayan majami'armu ta Yahudawa, aka fito da sanduna da fitilu, aka tarar da akuyar gwauruwa Pesha tana cin shinge. Tun daga nan ba a sake haifar mai ido a gidan ba.

Ina rubuta wannan ne don a gidan nan ba a barin mutum ya kai ƙarshen magana. Ƙanwata Henya, wadda ta tare a nan tun rasuwar matata, tana katse ni tun ban buɗe baki ba. Mirel matar Zusman kuwa ba ta katsewa, kallo take yi, wanda ya fi muni. Ban daɗe a gaban malami ba ubana ya ja ni bakin aiki, haruffana kamar kaza ta yi tono. Oho. Takarda dai ba ta katse mutum.

Litinin, da rana

Rabbi Pinhas, malamin majami'armu, ya aiko in je. Na ce a gaya masa hannuna da aiki.

Talata, da yamma

Rabbi ya zo da kansa. Ya tsaya a bakin rumfa yana tattare gefen rigarsa daga taɓo. Yaron da na sani tun yana lasar majina, yau shi ne mai gemu har ƙirji.

Ya ce, "Reb Getsel, Kopel ya ba da shaida a gabana game da Zusman."

Na ce, "Madalla. Riƙe mini wannan katakon."

Ya riƙe. Ya ce, "Na yi masa tambayoyi, na juya su, na sake yi. Maganarsa ɗaya ce. Ku zauna in gaya muku."

Na ce, "Ba haka ake riƙewa ba, Rabbi. Ka matse shi da gwiwa."

Duk da haka sai da ya faɗa. Ya faɗi wuri, wani suna na can ƙasar Sin da harshen mutumin kirki ba zai iya juyawa ba. Ya faɗi abin da Kopel ya ce ya yi da hannunsa da shebur. Ba zan rubuta ba. A inda dubban mutane ke sanye da riga iri ɗaya, kai a aske, fuska duk laka, wa ya san wa? Na tambaye shi haka. Ya ce Kopel ya sani. Na ce kakan Kopel ma ya sani.

Ya tafi bai sha shayi ba. Henya ta ce na kunyata gidan. Na ce gidan ya saba.

Laraba, da safe

Na shigo ɗaukar wuƙa na tarar da Mirel zaune a ƙasa, ba takalmi, kamar mai zaman makoki, cikin nan nata ya kai ko'ina. Henya na tsaye a kanta tana murza gefen mayafi. Ban tambaya ba. Mai ciki tana da ikon zama inda ta ga dama. Na dai ce ƙasa da sanyi, na fita.

Wuƙar ma ban ɗauka ba.

Juma'a, kafin a kunna kyandir na shigar Asabar

Faivish mai burodi ya zo da sassafe, an haifa masa 'ya, yana neman suna. Kowa nan yake zuwa. Rabbi yana da littattafai, amma littafi bai san wace ce ta mutu ba a ɗauki sunanta ba. Ni na sani. Na ce masa, "Kakar matarka ta wajen uwa, Dobe, wadda ta rasu shekarar da kogi ya cinye gada. Tana kwance can maƙabarta gefen itacen nan, ba wanda ya waiwaye ta. Jikoki mata har nawa, kowa sai ya tsallake ta don wai tana da faɗa."

Ya ce, "Ai kuwa an ce tana da faɗa, Reb Getsel."

Na ce, "Kai matarka salama ce? Ka sa Dobe."

Zai sa. Ya bar mini burodin Asabar biyu, ya tsaya yana kallona kamar marar lafiya, har sai da na ce ko ya manta hanyar gidansu ne.

Lahadi, da safe

Jiya Asabar, ranar hutu, ba a rubutu, sai na kwana da abin a ciki kamar ƙashin kifi.

Muna kan tebur Juma'a da dare, an yi albarka, an gutsura burodi. Na ce tunda haihuwa ta matso, gara a san inda aka dosa. In mace ce, Sosha, sunan matata, wannan ba gardama. In namiji ne, Anshel, sunan ubana. Mutumin da ya ga 'ya'yan jikoki, ya mutu a kan gadonsa da haƙoransa, har yau ba wanda ya ɗauki sunan don 'ya'yan Henya mata kawai suke zubowa.

Henya ta ce, "Ka ji shi. Kamar ni ke zaɓa."

Mirel ta ajiye cokali. Ta ce, "Baba, in namiji ne, Zusman za a sa."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "'Yata, kin gaji. A garinku ban san yadda ake yi ba, amma ko a garinku ba a sa wa jariri sunan mai rai. Wanda ya yi haka ya haƙa wa mai sunan kabari da hannunsa."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da shan romo. A teburina. A gaban kyandir.

Litinin, da rana

Ba a sa sunan mai rai.

Laraba, da yamma

A majami'a yau, da aka zo addu'ar masu makoki, sai wuri ya yi tsit. Berish mai hidima ya matsa gefe ya buɗe mini hanya kamar ango, wai in fito in karanta. Duk an juyo. Na fito da hankici na fyace hanci, na daɗe ina fyacewa.

Sai na ji murya daga baya. Kopel ne ya miƙe yana karantawa, da ƙarfi irin na kurame. Iyayensa duka suna raye, uwarsa ma jiya na gan ta tana zagin agwagi. To wa yake wa? Kuma jama'a suka amsa masa amin, har da waɗanda na ɗaure wa ganga shekara da shekaru.

Na fita duba ko hadari ya taso.

Alhamis, da azahar

Kopel ya zo rumfa. Ya rame, rigar soja na lilo a jikinsa. Ya ce, "Reb Getsel, barka da aiki." Na ɗauki guduma na hau zoben ƙarfe da duka. Ya yi magana, na ƙara duka. Sai ya juyo mini da mataccen kunnen, ya ce, "Ku buga son ranku, wannan ɓangaren Japanawa sun riga ku."

Na ce, "Me kake so?"

Ya ce, "Ban kawo muku komai nasa ba. Ko maɓalli ba a bar mu mun ɗauka ba. Na zo ne kawai."

Na ce, "Ka zo, na gan ka."

Bai tafi ba. Ya durƙusa ya kama katakan gangar ya matse da gwiwa, ya sa babban yatsa a ciki, ya karkata kai gefe don kada guduma ta same shi. Ba wanda ya nuna masa. Na ce a ina ya koya. Ya ce a can. Ya ce duk bokitin sansani Zusman ke gyarawa, shi ke riƙe masa, yana gyara yana zagi, wai in ubansa ya ga wannan katakon sai ya kai Sarki ƙara.

Muka gama gangar. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Wannan bai nuna komai ba. Ya nuna sun zauna tare, ai ban taɓa musun sun zauna tare ba.

Lahadi, da hantsi

Henya ta tsare ni a bakin murhu. "Yaya, taurin kan nan naka da shi aka haife ka, Inna ma ta faɗa. Amma yarinyar nan fa? Tana so in ta kira ɗanta ta ji sunan a bakinta. Me ya rage mata?"

Na ce ta zauna in tuna mata Osher. Ta ce ta ji labarin Osher har ya fita ta hanci. Na ce za ta sake ji.

Osher ɗan Yudel, zamanin tsohon Sarki, lokacin da ake kama yara ana kai su soja. Aka kama shi bai fara gemu ba. Shekaru suka shuɗe, wani ɗan tireda ya zo ya ce ya ga kabarinsa. Aka yi makoki, aka sa wa ɗan ƙaninsa Osher. Ina yaro, da idona na ga ranar da wani tsoho mai furfura ya shigo kasuwa yana tambayar gidan Yudel da yaren da ya kusa mantawa. Ya shiga gida, aka kira Osher, mutum biyu suka waiwaya. Uwarsa ta faɗi. Shi kuwa bai ga ƙarshen hunturun nan ba. An ba da wurinsa, me zai zauna yi?

Henya ta ce, "Ɗan tireda ya ji a bakin wani ne. Kopel da hannunsa..."

Na ce miyarta tana ƙonewa. Da gaske kuma tana ƙonewa.

Talata, da yamma

Na taka har mararraba, inda kekunan doki daga tashar jirgi ke juyawa. Rassan ɗaure ganga na je nema, can suka fi kyau. Wani soja ya sauko, dogo, yana ɗingishi. Ɗan ƙauyen Kiristoci ne na ƙetaren kogi.

Rassan ma ba su nuna ba.

Laraba

Ruwan sama. Ba wanda ya yi mini magana, ban yi wa kowa ba. Dankali ba gishiri, da gangan.

Alhamis, da rana

An tashe ni da asuba an kore ni daga gidana. Ungozoma Zlata, wadda ba ta kai tsayin gangar kabeji ba, ta nuna mini ƙofa da yatsa. Na zauna a rumfa. Na ɗauki wata tsohuwar ganga na tsaga ta biyu, don hannu ba ya zama haka kawai. Ba a yin gadon jariri kafin ya zo, kowa ya sani, saboda haka ba gado nake yi ba, rabin ganga nake gogewa.

Rana ta ɗaga sosai kafin na ji kukan. Henya ta fito fuska jiƙe. "Namiji, Yaya! Namiji!"

Na ce na ji, ba kurma ba ne ni.

Na sa wa rabin gangar ƙafafu masu lilo.

Juma'a, da safe

An nuna mini shi. Ja wur, fuska a murtuke kamar an ci masa bashi. Henya ta ce kunnuwan, dubi kunnuwan. Na ce duk jarirai kunnuwansu ɗaya.

Ba ɗaya ba ne. Na haifi yara, na sani.

Kaciya ranar Alhamis mai zuwa, kwana na takwas. A nan ake faɗin suna a gaban jama'a, kuma in an faɗa an faɗa.

Lahadi, da yamma

Mirel ta aiko a kira ni. Tana kwance, fuskarta fari fat, yaron a gefenta cikin rabin gangata.

Ta ce, "Baba, gadon ya yi kyau."

Na ce katakon banza ne.

Ta ce, "A cinyarku za a riƙe shi ranar kaciya. Kafin ya tafi ya ce mini, in namiji ne, Baba ne zai riƙe, kada ki bari ubanki ya yi masa wayo."

Na ce, "To ai sai a jira shi ya zo ya faɗi sunan da kansa. Kafin nan Anshel."

Ta ce, "Baba, ni ma na jira. Duk karar keken doki sai na fita. Tun kafin Kopel ya dawo na daina fita, ban san dalili ba. Ba na so in yi faɗa da ku. Amma sunan nan ba zan bari ya kwanta a ƙasar da ba wanda zai kira shi ba."

Na ce in dai wannan sunan za a faɗa, cinyata ba za ta ɗauki yaron ba, ƙafata ma ba za ta taka majami'a ba.

Ta gyara wa yaron zane. Ta ce, "To. Sai Kopel ya riƙe."

Kopel! Jikan mai ganin kerkeci! Jikana!

Litinin

Kopel.

Talata, da azahar

Uban Mirel, Reb Nosn, ya iso daga garinsu da kaji biyu da surutu. Ya rungume ni yana kuka a kafaɗata, ya ɓata mini riga. Ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya bayar, Allah ya..." Na ce kajinsa sun shiga lambu.

Rabbi ya sake zuwa. Ya ce suna hakkin uwa ne a nan, shi ba zai hana ba. Na ce ban tambaye shi ba. Ya ce kujerar mai riƙo tana nan, ba zai ba kowa ba sai ya ga ban zo ba. Na ce ya ba wanda ya ga dama, ya ba akuya.

Laraba, da yamma

Henya ta goge baƙar rigata ta rataye a inda sai na yi karo da ita. Ban ce ta goge ba.

Zan je ne kawai don in ga yadda za su ɓata abin.

Alhamis, da la'asar

Ban san ta inda zan fara ba. Haruffan ma sun fi na kullum muni.

Na je. Majami'a cike, mata sun cika bayan labule, har Mirel an kawo ta a naɗe cikin bargo ko da yake Zlata ta hana. Kopel na tsaye kusa da kujerar yana goge tafin hannu a wando. Na ce, "Matsa." Ya matsa da sauri, har da murmushi, ɗan banza.

Na zauna. Aka ɗora mini matashi, aka ɗora yaron. Bai kai nauyin guduma ba. Na matse ƙafafunsa yadda ake yi. Mai kaciya ya yi aikinsa, hannunsa da sauri, yaron ya tsala ihu, aka ɗiga masa ruwan inabi a leɓe ya yi shiru yana tsotsa. Duk wannan lafiya.

Sai aka ɗaga kofin ruwan inabi, aka zo wurin suna. Inda uba ke raɗa wa Rabbi a kunne. Reb Nosn ya matso ya raɗa. Rabbi ya kalle ni, ya kawar da kai, ya ɗaga murya: "A kira sunansa a cikin Isra'ila, Zusman ɗan Zusman..."

Na ce, "Dakata."

Na ji Henya daga bayan labule ta ce, "Wayyo, Yaya, don Allah." Reb Nosn ya kama gemunsa. Kowa ya ɗauka zan tashi da yaron in fita. Ni ma haka na ɗauka.

Amma abin da suka yi ne ya ba ni haushi. Majami'a cike da masu gemu, masu littattafai, ba wanda ya lura. Na ce, "Wa ya rene ku? Haka ake yi? Ba a ba jariri sunan wanda ya mutu da ƙuruciya haka tsirara! So kuke ya gaji kwanakinsa ma? Ana haɗa masa da wani, a rufa masa asiri. A ƙara Alter, wato tsoho, don ya tsufa. Alter Zusman. Sai an gaya muku komai?"

Sai da na rufe baki na ji abin da na faɗa.

Ba wanda ya motsa. Yaron kawai ke tsotsar leɓe. Sannan a hankali Rabbi ya ce, "Alter Zusman ɗan Zusman." Jama'a suka amsa. Daga bayan labule na ji wani sauti, na san Mirel ce.

An ce an ci kaji. Ban sani ba.

Juma'a, da rana

Jiya da muka dawo na kama wuyan baƙar rigar na yaga, yadda masu makoki ke yi. Henya ta ce, "Wadda na goge!" sannan ta toshe bakinta da hannu. Na cire takalmi na zauna a ƙasa a gindin murhu.

Rabbi ya zo da safe. Ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ce, "Reb Getsel, Allah ya ba ku haƙuri tare da masu makokin Sihiyona. Amma ku tashi. Labarin da ya iso bayan wata guda da faruwar abin, ba a zaman kwana bakwai a kansa. Sa'a ɗaya ake zama, a tashi. Yaga rigar ma ba a nema ba."

Na ce, "Sa'a ɗaya."

Ya ce haka yake a rubuce.

Na ce, "Yaron da na koya wa tafiya a tsakar rumfar can. Sa'a ɗaya ko miyar Henya ba ta nuna. Ka je ka gaya wa wanda ya rubuta ya zo ya ɗaga ni."

Ya ce gobe Asabar, ba a zaman makoki, dole in sa takalmi in zo majami'a. Na ce Asabar ta Allah ce, zan ba shi abinsa, in dawo wurina. Ya girgiza kai, ya zauna tare da ni ɗan lokaci, a ƙasa, da rigarsa mai tsabta.

Lahadi, da hantsi

Ƙasan nan sanyi gare ta, bayana kamar an sa a matsi. Mutane sai shigowa suke, kowa da dafaffen ƙwai, kamar an ce musu ni muzuru ne. Kopel ya zo ya zauna a gefena, ya juyo da kunnen mai ji. Na ce ya faɗa mini daga farko, kada ya tsallake komai, kada kuma ya ƙara gishiri irin na gidansu. Ya faɗa. Na tambayi sunan wurin har sai da harshena ya iya. Dole wani ya riƙe.

Da ya tafi Mirel ta fito, tana bin bango. Ta tsaya a kaina da yaron. Ta ce, "Baba, riƙe mini Zusman in sha romo."

Na miƙa hannu. Na ce, "Alter Zusman. Ki riƙa faɗa duka."

Ta ce, "To, Baba."

Ya buɗe ido ɗaya ya harare ni, ya jiƙa mini wando har gwiwa. Henya ta ce in tashi in canza. Ban tashi ba.